Yawan Mata, Tsadar Aure da Zaɓen Abokin Zama: Tambayoyi da Amsoshi

Ana yawan kawo mana tambayoyi kan abin da ya sa aure yake ƙara wuya ga samari, zawarawa suke ƙaruwa, iyaye kuma suke shiga bashi don aurar da 'ya'yansu. Mun tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, muka amsa su da abin da ilmin ƙidayar jama'a da na tattalin arziki suka tabbatar, tare da hukuncin fiƙihun Malikiyya a inda ya shafi kuɗi.

Da gaske ne mata sun ninka maza yawa?

A'a. Wannan magana ta yi ƙarfi a majalisu da wuraren biki, har wasu na cewa kowane namiji yana da rabon mata huɗu ko fiye, amma babu ƙidayar da ta taɓa nuna haka. A kusan ko'ina a duniya ana haihuwar yara maza kimanin 105 a kan kowace mata 100, a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuma tazarar ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Maza sun fi mutuwa a jarinta da ƙuruciya, saboda haka kafin a kai shekarun aure adadin ya kusa yin kunnen doki. Sai a tsufa mata suke yin rinjaye sosai, domin sun fi maza tsawon rai.

Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ta ba da mutum miliyan 140.4, maza miliyan 71.3, mata miliyan 69.1. A jihar Kano, inda aka fi yin wannan kuka, maza sun kai kusan miliyan 4.9, mata kusan miliyan 4.5. Ana iya yin gardama kan ingancin ƙidayar, kuma an yi ta sosai, sai dai babu kuskuren lissafin da zai ɓoye ninki biyu, balle huɗu.

To me ya sa ido yake ganin 'yan mata da zawarawa sun fi masu nemansu yawa?

Ido bai yi ƙarya ba. Abin da yake gani ya fito ne daga haɗuwar abubuwa uku.

Na farko shi ne tazarar shekaru. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna rabin mata sun yi auren fari kafin su wuce shekara 19 da kaɗan, rabin maza kuwa sai wajen 27 zuwa 28. A Arewa maso Yamma shekarun matan sun yi ƙasa da haka sosai. A Nijar, binciken 2012 ya nuna rabin mata sun yi aure kafin su cika 16. Ke nan saurayi ba ya neman sa'ar haihuwarsa, yana neman wadda aka haifa shekara takwas zuwa goma bayansa.

Na biyu shi ne ƙaruwar jama'a. Inda mutane ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, yaran da aka haifa bana sun fi na bara yawa da kimanin wannan kashi. In aka tara wannan ƙari na shekara goma, kowane 100 ya zama 134. Saboda haka maza 100 masu shekara 28 suna fuskantar 'yan mata sama da 130 masu shekara 18, alhali a kowace shekarar haihuwa maza da mata daidai suke. In tazarar shekara takwas ce, ƙaruwar kuma kashi 2.5, za a sami kimanin 122. In aka rage tazarar ta koma shekara uku, rarar ba ta kai goma ba. Duk wanda yake da na'urar lissafi a wayarsa zai iya gwadawa: ya ninka 1.03 da kanta sau adadin shekarun tazarar.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi a yau, shi ne cewa ba kowane namiji baligi ake lissafawa cikin manema ba. Al'ada tana ɗaukar budurwa ta isa aure da shekarunta kawai. Namiji kuwa sai yana da sana'a, da ɗakin da zai ajiye mace, da ƙarfin cefane. Samari masu shekara 25 zuwa 35 da ba su da waɗannan suna nan da yawa a kowace unguwa, amma babu mai ganinsu a matsayin manema. Ƙarancin da ake fama da shi na mazan da suka iya riƙe gida ne.

Akwai kuma abin da ya shafi wuri. Ƙauyukan Tawa da Damagaram da matasansu ke tafiya cin rani Libiya ko Abijan ko Legas suna wayar gari da rarar mata na watanni ko shekaru, garuruwan da aka tafi kuma su cika da gwagware. Rikicin Borno da Yobe tun 2009, da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, sun bar mata masu takaba da yawa a wasu yankuna. Wannan gaskiya ce mai ciwo, amma ta yanki ce, ba ta canza lissafin ƙasa baki ɗaya.

In adadin ya yi daidai, daga ina ake samun matan da ake ƙarawa na biyu da na uku?

Daga wannan rara da muka lissafa, da kuma saurin sake auren mata. Mace tana shiga aure tun tana 16 ko 18, in mijin ya mutu ko ya sake ta sai ta sake wani, don haka kusan duk shekarun girmanta tana gidan miji. Namiji kuwa ya shafe shekara goma na farkon balagarsa ba shi da mata. Waɗannan shekaru na gwauranci na samari su ne suke ba manya damar ƙari.

A ɗauki gari mai magidanta 100 da matan aure 130. In 75 suna da mace ɗaya, 20 suna da biyu, 5 suna da uku, lissafi ya cika: 75 da 40 da 15. A wannan gari kashi 25 na magidanta ne kawai suka ƙara aure, amma mata 55 cikin 130, wato kashi 42, suna da kishiya. Shi ya sa alƙaluman maza da na mata suke bambanta a kowane bincike, kuma duka biyun daidai ne.

Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2019 cewa kashi 2 kacal na mutanen duniya ke zaune a gidajen da ake da mace fiye da ɗaya, amma a Burkina Faso kashi 36 ne, Mali 34, Nijar 29, Nijeriya 28. Waɗannan duka ƙasashe ne masu saurin ƙaruwar jama'a da faɗin tazarar shekaru. Ranar da haihuwa ta ragu, ko 'yan mata suka daɗe a makaranta har tazarar ta tsuke, rarar za ta shanye. Daga nan duk matar da wani ya ƙara, wani saurayi ne ya rasa.

Me masana suke nufi in sun ce kasuwar aure?

Suna nufin duk mutanen da ke neman aure a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, inda zaɓin kowa yake rage ko ƙara damar wani. Gary Becker na Jami'ar Chicago, wanda ya sami kyautar Nobel a 1992, shi ya shigo da wannan nazari cikin ilmin tattalin arziki a 1973. Abin da ya fi amfani a cikinsa shi ne: ɓangaren da ya yi ƙaranci shi yake gindaya sharuɗɗa. Inda mazan da suka isa riƙon gida suka yi kaɗan, za a ga iyayen mata suna ƙara kayan ɗaki, ana haƙuri da miji mai sakaci, saki kuma ya yi arha, domin wanda ya saki ya san zai samu wata da wuri.

Kafin shi, a 1962, David Gale da Lloyd Shapley sun nuna da lissafi cewa in ɓangare ɗaya ne yake nema ɗayan kuma yana jira ya amsa ko ya ƙi, sakamakon yakan fi yi wa masu nema daɗi. Wannan ya dace da abin da ake gani: budurwa tana zaɓa ne cikin waɗanda suka zo ƙofar gidansu kawai. Uban da ya ga mutumin kirki ya yi masa tayin 'yarsa, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi game da 'yarsa Hafsa, ya faɗaɗa mata zaɓi, kuma bai yi abin kunya ba.

Sadaki ne ya sa aure ya yi tsada?

Sadaki shi ne mafi ƙanƙanta a yawancin kasafin aure. A Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne na zinariya, ko dirhami uku na azurfa. Dinari ɗaya nauyinsa giram 4.25, rubu'insa ke nan giram 1.06 da 'yan kai. Mai son sanin kuɗinsa a yau sai ya tambayi farashin giram ɗaya na zinariya a wurin masu sayar da gwal, ya ninka da 1.06. Ba shi da iyaka ta sama. Haƙƙin amarya ne ita kaɗai, uba ko waliyyi ba shi da ikon ci sai da yardarta. In an yi saki kafin saduwa tana da rabin abin da aka ambata, kamar yadda ya zo a aya ta 237 ta Suratul Baƙara.

Nauyin yana wasu wurare. Akwai kuɗin gaisuwar iyaye da kayan na-gani-ina-so, akwai kayan sa rana, sannan lefe, wanda a birane ya tashi daga akwati ɗaya ko biyu ya koma jeri, da atamfofi da leshi da shadda da mayafai da takalma da jakunkuna da sarƙa. Bayan wannan sai muhalli. A Kano da Kaduna da Maraɗi mai gida yakan nemi kuɗin haya na shekara ɗaya a dunƙule, wani lokaci biyu, ga kuɗin dillali, ga fenti da gyaran banɗaki. Sai bukukuwa: kamu, walima, liyafar dare, hayar zaure, mai hoto, anko. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da yake sharaɗin ingancin aure. Abin da shari'a ta nema shi ne waliyyi, shaidu biyu adalai, sadaki, da siga.

Tsakanin dangin ango da na amarya, wa ya fi kashewa?

A gidaje da yawa na Hausawa, iyayen amarya. Mutane ba su cika lura da wannan ba saboda kukan samari ya fi fitowa fili. Gado da katifa, kujeru, labule, kafet, firji, tukwane, kwanuka, murhun gas, duka a wuyan uba da uwa suke. Sai gara: buhunan shinkafa da gero, mai, manja, taliya, dubulan, alkaki, nakiya. In ta yi haihuwar fari kuma ga kayan goyo da wata garar. Uwa takan fara tara kwanuka da zuba adashe tun yarinya tana firamare. Uba mai 'ya'ya mata biyar yana iya sayar da gona ko fili, wani ya karɓi bashin da zai bi shi har ritaya.

Masaniyar tattalin arziki Ester Boserup ta lura a 1970 cewa inda mata ke yawan aikin gona da fartanya, dangin miji ne suke biya, inda kuma noma ya koma na garma da shanu mata suka koma cikin gida, dangin mace ne suke biya. Ƙasar Hausa ta haɗa biyun: kuɗi na tafiya daga ango zuwa amarya, kaya na tafiya daga iyayenta zuwa sabon gida. Abin da ya kamata a tsare shi ne mallaka. Kayan ɗaki dukiyar amarya ce, in aure ya mutu da su take fita. Muddin haka ya tsaya, kayan ɗaki tamkar ajiya ce da iyaye suka yi wa 'yarsu. Haɗarin yana farawa ne ranar da dangin ango suka fara ƙayyade abin da za a kawo, suna gori in bai kai ba. Indiya ta bi wannan hanya. Ta haramta biyan dukiyar da iyayen amarya ke ba dangin ango tun 1961, amma ko a 2022 hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar ta rubuta mutuwar mata fiye da 6,000 a kan rikicin wannan dukiya.

Ta yaya saurayi mai ƙaramin albashi zai tsara kuɗin aure?

Ya fara da lissafi na gaskiya. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. A ɗauka misali yana ajiye kashi ɗaya cikin biyar, wato 14,000 a wata, abin da ake nema a wurinsa kuma ya kai miliyan ɗaya da rabi. Wata 107 ke nan, kusan shekara tara. Wannan ma in farashi ya tsaya cik. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. A irin wannan yanayi kuɗin da ke kwance a asusu yana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa a shekara, mai tarawa yana gudu abin da yake bi yana ƙara nisa.

Abin da ya fi aiki shi ne a juya tsarin. A fara da abin da zai ci gaba bayan biki: hayar shekara, da kuɗin cefanen wata uku a ajiye daban, kada a taɓa. Sannan sadaki. Abin da ya saura shi ne na lefe, kuma a faɗa wa dangin amarya adadinsa tun kafin sa rana, ta bakin manya, domin yawancin rikicin lefe yana tasowa ne daga abin da kowane ɓangare ya zata ba a furta ba. Kayan da ba sa lalacewa, kamar atamfa da akwati, a riƙa saye kaɗan-kaɗan maimakon tara takardar kuɗi. Wanda yake ƙauye ya sa kuɗinsa a tumaki ko hatsi lokacin kaka. Kada a sa rana mai nisa fiye da wata shida, domin kasafin da aka yi zai tashi daga aiki kafin ranar ta zo.

Kuskuren da ya fi kashe sabon aure shi ne bashin biki. Ango ya ci bashi ya yi liyafa, gara ta ƙare a wata na biyu ko na uku, masu bashi su fara sallama, cefane ya ragu, amarya ta ga ba abin da aka nuna mata ba ke nan. Daga nan sai yaji da biko. Kuskure na biyu shi ne sayar da jarin sana'a, babur ko keken ɗinki ko kayan shago, don cika akwati.

Talauci yana sa a yi wa yarinya aure da wuri, ko yana jinkirta shi?

Yana yin duka biyun, ya danganta da inda kuɗi ke tafiya. Lucia Corno da Nicole Hildebrandt da Alessandra Voena sun haɗa bayanan ruwan sama da na shekarun aure, suka wallafa a 2020. Sun gano cewa shekarar fari tana ƙara yiwuwar aurar da yarinya 'yar ƙasa da 18 da kimanin kashi 3 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, inda dangin miji ke biya, tana kuma rage shi da kimanin kashi 4 a Indiya, inda iyayen mace ke biya. A ƙauyen da rumbu ya ƙare tun kafin bazara, aurar da yarinya rage baki ɗaya ne a gida. A birni kuwa, inda kayan ɗaki suka yi nauyi, uba yana iya ɗaga biki sau biyu ko uku don bai haɗa gado da kujeru ba.

Doka ita kaɗai ba ta cika sauya wannan ba. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, dokar farar hula ta Nijar ta sa 15 ga mace da 18 ga namiji, amma kusan mata uku cikin huɗu a Nijar sun yi aure kafin 18. Abin da aka ga yana ɗaga shekarun aure a ko'ina shi ne makarantar sakandare da ke kusa da gida, mai tsaro, wadda uba zai iya biya.

Karatu mai zurfi yana rage wa mace manema?

Yana rage yawansu ta hanyar lissafi, domin in al'ada ta ce miji ya girme ta, ya fi ta karatu ko samu, to duk matakin da ta hau yana rage mazan da ke samanta. Mai digiri 'yar shekara 27 tana duban maza masu 33 zuwa 40, waɗanda yawancinsu sun riga sun yi aure. Zaɓinta ya zama uku: ta shiga a ta biyu, ta karɓi wanda ya yi kusa da ita a shekaru, ko ta jira.

Amma tsadar rayuwa tana juya wannan. Malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, ungozoma, mai sana'ar da ke kawo kuɗi, yanzu nemansu ake yi, domin albashi ɗaya ba ya riƙe gida. Binciken Nava Ashraf da abokan aikinta a Indonesiya da Zambiya ya nuna cewa lokacin da gwamnati ta gina makarantu, ƙabilun da ke karɓar dukiyar aure su suka fi tura 'ya'yansu mata, saboda mai ilmi ana ba da ƙari a kanta. A ƙasashe da yawa da mata suka zarce maza a jami'a, aure bai tsaya ba, sai dai ya zama ruwan dare mace ta auri wanda ta fi karatu. Shawarar da muke ba iyaye ita ce a rubuta sharaɗin ci gaba da karatu ko aiki a gaban waliyyai da shaidu kafin ɗaurin aure. Alkawarin zance a zaure shi ne wanda aka fi karyawa.

Wace rawa saki yake takawa?

Babba. Kowane saki yana mayar da mace cikin masu jiran manema bayan idda, wato tsarki uku, ko haihuwa ga mai ciki, ko wata huɗu da kwana goma ga mai takaba. Namijin da ya yi aure sau biyar a rayuwarsa, ko da bai taɓa haɗa biyu a lokaci ɗaya ba, ya ɗauki 'yan mata biyar ya mayar da zawarawa huɗu. Auren bazawara ya fi sauƙin kuɗi, lefenta kaɗan ne, biki ba yawa, kuma ita ke da ta cewa a kan wanda za ta aura. Duk da haka masu ƙarin aure da yawa budurwa suke nema, don haka zawarawa suke taruwa.

Abin da ya fi hana bazawara sake aure shi ne 'ya'ya. A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa da tufatarwa kuma a kan uba suke. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan koma ga kakarsu ta wajen uwa. A aikace, uba da yawa ba ya biyan komai, sabon manemi kuma yana lissafin bakin da zai ciyar. Macen da aka saka ta je kotun shari'a ta nemi a yanka wa uban kuɗin ciyarwa na wata-wata a rubuce, ta riƙe takardar sakinta da jerin kayan ɗakinta. In ita ta nemi rabuwa ta hanyar khul'i, abin da aka saba shi ne ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai. In kuwa cutarwa ce ta tabbata a gaban alƙali, yana iya raba auren ba ta biya komai ba, kuma mata da yawa ba su san wannan ba.

Auren gata da gwamnati ke yi yana magance matsalar?

Kano ta fara shi a 2012 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta hannun hukumar Hisba ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa, da ma'aurata 100 a rukunin farko. A Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mutum 1,800 maza da 1,800 mata, ta biya sadakin naira 50,000 ga kowace amarya, da kayan ɗaki da ɗan jari. Ga waɗanda suka amfana, taimako ne na gaske, musamman marayu da 'ya'yan talakawa da kayan ɗaki kaɗai suka tsayar. Tsarin tantancewa da gwajin lafiya da ke cikinsa abin koyi ne.

Iyakarsa ita ce yana biyan kuɗin shiga, ba ya biyan kuɗin zama. A jihar da mutanenta suka haura miliyan goma, dubu biyu ɗigo ne. Ma'aunin nasararsa shi ne aure nawa ne suke raye bayan shekara uku da biyar, kuma ya kamata a riƙa bibiya ana bayyana wannan adadi.

In aka ƙayyade lefe da sadaki da doka fa?

An sha gwadawa, daga masarautu da unguwanni har ƙasashe. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa asusun tallafin aure a 1992, daga baya ta sa wa sadaki iyaka. Matsalar ita ce kashe kuɗin aure gasa ce ta nuna isa, in aka toshe ƙofa ɗaya sai ta ɓullo ta wata: a rage akwati a ƙara waya da gwal, a hana liyafa a kira ta walima. Ƙayyadewa takan yi tasiri a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kuma masu kuɗi da masu sarauta suka fara da 'ya'yansu. Mu dai ba ma goyon bayan a danne sadaki, domin shi kaɗai ne kuɗin da ke shiga hannun amarya ya zama nata. Gara a rage lefe da biki, a ƙara sadaki, ta sayi zinariya ko dabba ko ta ja jari.

Me ke faruwa inda adadin ya karkace da gaske?

Ƙasar Sin ce babban misali. Dokar haihuwar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, da fifita ɗa namiji, da na'urar duba ciki, sun sa a ƙidayar 2010 ana haihuwar maza 118 a kan mata 100. A 2020 ya sauko zuwa 111, amma maza sun fi mata da kusan miliyan 35. Sakamakon ya faɗa kan talakan ƙauye: dukiyar aure ta yi tashin gwauron zabo, sai wanda ya mallaki gida nasa na kansa ake ba mace, iyayen 'ya'ya maza suka shiga gasar tara kuɗi, aka kuma sami safarar mata daga Biyetnam da Myanmar.

Akasin haka ya faru bayan yaƙi. Faransa ta rasa sojoji kusan miliyan 1.4 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a yankunan da aka fi mutuwa mazan da suka saura sun auri matan da suka fi su matsayi. Ƙidayar Tarayyar Sobiyet ta 1959 ta sami mata sun fi maza da kimanin miliyan 20, mata da yawa na wannan zamani ba su taɓa aure ba ko ba su sake ba.

Auren zumunci da gwajin jini, me ya kamata a sani?

Auren 'yan'uwa yana da dalilinsa na tattalin arziki: gona da gado ba sa fita daga dangi, an san asali, lefe da kayan ɗaki ana yi da sauƙi. Ta fuskar lafiya, haɗarin haihuwar yaro mai naƙasa ta gado kashi 2 zuwa 3 ne ga waɗanda ba su da dangantaka, yana kuma kusan ninkawa ga 'ya'yan wa da ƙani ko 'ya'yan ya da ƙanwa. Yana ƙaruwa in an maimaita auren gida zuriya bayan zuriya. In auren ya lalace kuma, ba ma'aurata kaɗai yake rabawa ba.

Sikila ta fi wannan gaggawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini AS, wato ya gaji ƙwayar sikila (S) ɗaya da lafiyayya (A) ɗaya. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 na zama SS, wato mai ciwon sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Lissafin yana sabuntawa a kowane ciki, haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare na bayansa. In AS ya auri SS kuwa, kowane ciki yana da kashi 50 na zama SS. A lura da rukunin AC ma, domin haɗuwarsa da AS tana iya ba da SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Jihar Kano ta sa hannu a dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C.

A yi gwajin tun farkon magana, kafin manya su shiga, kafin a kai kuɗin gaisuwa. Wanda aka yi saura mako biyu biki, an kai lefe an raba katin gayyata, da wuya ya hana komai. A yi shi a asibiti ko ɗakin gwaji mai rajista, su biyun su je tare, su karɓi sakamakon daga hannun ma'aikacin lafiya. In sakamako ya saɓa da wanda aka taɓa yi a baya, a maimaita a wani wuri daban kafin a yanke shawara. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa mai gwajin, domin jinin da aka ƙara masa yana iya ɓata sakamakon.